Ku Tambaya Mu Amsa: Wai me ke kashe kifi a kogi?

Jama'a assalamu alaikum. Wannan watan saƙonni uku ne suka faɗo a kan kifi kamar an haɗa baki, sai na ce bari in tattara su wuri guda. Na farkon shi zai cinye fiye da rabin filin, ku yi haƙuri, maganar ce da tsawo.

TAMBAYA: Salam Malam, ya aiki ya iyali. Ni ɗan Katsina ne amma shekara biyu kenan ina garin Harrisonburg a jihar Bajiniya ta Amurka. Akwai wani dattijo Bature da muke aiki tare, duk Asabar sai ya ɗaura kwale-kwalensa a saman mota ya tafi kogin Shenandoah yin fatsa, rannan dai ya ja ni muka je. Malam tun bakwai na safe har la'asar muna kan ruwa, mun kama kifi ya kai ashirin, wani kifi ne wai shi bas, amma wallahi ko ɗaya bamu zo da shi gida ba, da ya kama sai ya zare ƙugiyar a hankali ya gwada tsawonsa da wani ma'auni da ke manne a jikin kwale-kwalen ya ɗau hoto ya mayar da shi ruwa, ni kuwa raina sai ƙuna yake ina tuna farfesu. A hanyar dawowa yake ban labari wai a 2005 kifin nan ya yi ta mutuwa a kogin kamar annoba, yana faɗa har idonsa ya kawo ruwa. To me ya kashe su? Kuma dan Allah mutanen da ba ci suke ba, me ya dame su da mutuwar kifi har da su hawaye? Daga ɗan'uwanku a Bajiniya.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba da abin da aka je nema. Kafin komai bari in cire wa masu karatu ruɗani, wannan bas ɗin ba ta hawa ba ce, babu kwandasta a ciki. Kifi ne na ruwan daɗi a Arewacin Amurka, kuma manyan irinsa biyu ne, akwai mai babban baki da ya fi son tafki da ruwa mai kwanciya, akwai mai ƙaramin baki da ke son kogi mai duwatsu da ruwa garau. Wanda kuka kama a Shenandoah galibi mai ƙaramin bakin ne. Ba wani girma gare shi ba, mafi girman da aka taɓa rubutawa a tarihi, wanda aka kama a tafkin Dale Hollow a 1955, bai kai kilo 6 ba. Mutumin Argungu da ya saba ganin giwan ruwa mai kilo 70 dariya zai yi. Amma kifi ne mai faɗa, in ƙugiya ta kama shi sai ya yi tsalle ya fito daga ruwa yana girgiza kai, to wannan kokawar ita suke biya wa kuɗi, ba naman ba.

Dattijon nan ba ƙarya ya yi maka ba. Kogin Shenandoah reshe biyu gare shi, na arewa da na kudu, suna haɗuwa a Front Royal sannan ya gangara ya faɗa Potomac a Harpers Ferry, shi Potomac ɗin shi ne ya ratsa Washinton. A 2004 abin ya fara a reshen arewa, a 2005 ya koma na kudu, kuma a wannan shekarar hukumomin jihar sun ƙiyasta kusan kashi 80 cikin 100 na manyan bas ɗin reshen kudu sun tafi, tare da wani ɗan kifi mai jan ƙirji da ke zama da su. A 2007 sai ga shi ya ɓulla a saman kogin James da na Cowpasture. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne yadda suke mutuwa. In tanka ta zubar da guba a kogi, kwana ɗaya za ka ga komai ya taso, babba da ƙarami, kowane iri, an gama. Wannan kuwa a hankali yake yi, makonni ana tsintar gawa nan biyar can goma, daga watan Afrilu zuwa Mayu lokacin da ruwa ya fara ɗumi, kuma kifin ya fito da gyambo a jiki kamar wanda aka ɗana wa wutar sigari, wani fatar ta saɓule, wani ya yi fari-fari da fumfuna. Ƙananan ba su cika mutuwa ba, manyan ne, iyayen.

Jihar ta kafa kwamiti na musamman a 2005, aka haɗa ma'aikatan muhalli da na kifi da malaman jami'o'i da su kansu masu fatsar, aka yi ta ɗibar ruwa ana yanka kifi ana dubawa shekara da shekaru. Ba su kama ɓarawo guda ba, taron dangi suka tarar. An samu ƙwayoyin bakteriya a gyambunan, ciki har da wata mai suna Aeromonas salmonicida, an samu tsutsotsi da sauran ƙwayoyin cuta, amma irin waɗannan da yawansu dama suna cikin ruwa, kifi mai lafiya yana zaune da su ba abin da ya same shi. Sai tambayar ta koma, me ya karya wa kifin garkuwar jiki? A nan ne ido ya koma kan abin da ke gangarowa daga tudu. Kai da kake zaune a Harrisonburg ba sai na faɗa maka ba, duk inda ka bi a kwarin nan dogayen ɗakunan kaji ne da na talo-talo da garken shanu, kashin kajin nan ana watsa shi a gona a matsayin taki, ga maganin ciyawa da ake fesawa daidai lokacin shuka, ga ruwan masai na garuruwa da ake tacewa a sake shi kogi amma tacewar ba ta cire burbushin magungunan da mutane ke sha. Ruwan sama na bazara ya wanke duk wannan ya kai kogi, kuma daidai lokacin ne kifin ya fito daga sanyin hunturu a rame, yana shirin yin ƙwai. Shi bas namijin ne ke share gurbi a cikin tsakuwa, mace ta zuba ƙwai ta yi gaba, shi ya tsaya gadi kwana da kwanaki ko abincin kirki ba ya ci. Ka ga mai gadi da yunwa, ga ruwa ya gurɓace, ai ko mura ta isa ta kayar da shi.

Akwai wani abu ma da ya fi wannan ban mamaki. Bayan wata mutuwar kifi a reshen kudu na Potomac a Bajiniya ta Yamma a 2002, wata masaniyar cututtukan kifi ta hukumar binciken ƙasa ta Amurka, Vicki Blazer, ta duba mazan bas a 2003 ta ga ƙwayayen ƙwai irin na mata a cikin marainansu. Namiji ne sak a ido, sai an sa madubin likita ake gani. Daga baya aka ga abin ya yi yawa a Shenandoah ma, kuma ana danganta shi da sinadaran da ke kwaikwayon homon ɗin mata a cikin ruwa. Na san wani zai ce to mu ina ruwanmu, amma ka tuna ruwan nan shi ake tacewa miliyoyin mutane su sha a Washinton da kewaye.

A jihar Fensilbaniya da ke arewa da ku kuma abin ya zo ta wata fuska. Kogin Susquehanna, wanda tsawonsa ya haura kilomita 700 kuma yana cikin wuraren da aka fi yabo a fatsar bas a gabashin Amurka, daga 2005 aka fara ganin 'ya'yan kifin na shekarar, 'yan kamar yatsa, suna mutuwa da gyambo a tsakiyar zafi, a ruwan gefe marar zurfi inda suke fakewa. Can iyaye suka mutu, nan 'ya'ya. Sai bayan shekaru binciken Jami'ar Jihar Michigan ya nuna hannun wani bairos da dama an san shi da kashe bas mai babban baki, wanda ya fara yin ɓarna a tafkunan Santee Cooper a Karolina ta Kudu a 1995, kuma ya fi tsanani in ruwa ya yi zafi. Hukumar kifi ta jihar ta sa doka a 2011 cewa a tsakiya da ƙasan kogin duk bas ɗin da ka kama dole ka sake shi, daga 2012 kuma aka hana neman sa kwata-kwata daga farkon Mayu zuwa tsakiyar Yuni lokacin da yake gadin ƙwai, sai a 2018 aka ɗage wannan hanin da aka ga kifin ya farfaɗo. Da na karanta wannan sai na tuna kogin Matan Fada na Argungu, inda al'ada ta hana kowa jefa homa sai ranar da aka ba da izini. Dabarar ɗaya ce, can takarda ce da tara, nan sarkin ruwa ne da kunya.

To yanzu batun hawayen dattijo. Na farko akwai kuɗi, kuma kuɗi ba kaɗan ba. Fatsar bas sana'a ce babba a Amurka, wani mai sayar da inshora a Alabama, Ray Scott, ya shirya gasa ta farko a 1967, ya kafa ƙungiyar masu fatsar bas ta B.A.S.S. a 1968, babbar gasarsu ta shekara Bassmaster Classic ta fara a 1971 kuma wanda ya zo na ɗaya yanzu dala 300,000 yake tafiya da ita. Shi ne ma ya yayata wannan ɗabi'ar da ta ƙona maka rai, tun 1972 ya fara cewa a dawo da kifi da rai a gasa. A garuruwan bakin kogi irin su Luray da Front Royal akwai masu ba da hayar kwale-kwale, akwai shagunan sayar da sandar fatsa da ƙugiya da kifin roba na yaudara, akwai masu kai baƙi kan ruwa a biya su kuɗin yini, ga masaukai ga gidajen abinci. Baƙon da ya taso daga Washinton ba ɗan tsito ya zo kamawa ba, babba yake nema ya ɗau hoto, in labari ya bazu manyan sun mutu sai ya juya wani kogin. Ita kanta hukumar kula da kifi da kuɗin lasisin masu fatsa take gudana, sannan tun 1950 akwai dokar tarayya da ta sa harajin kashi 10 a kan kayan fatsa ana raba wa jihohi, kuma yawan masu lasisi yana cikin abin da ake dubawa wajen rabon. Kifi ya mutu, masu lasisi su ragu, kuɗin binciken abin da ya kashe kifin ma ya ragu.

Amma ni a ganina ba kuɗi ne ya sa shi hawaye ba, lokaci ne. Bas a kogi jinkirin girma gare shi, wanda ya kai inci 20, wato wajen santimita 50, irin wanda jihar Bajiniya ke ba mutum takardar yabo in ya kama, yakan kai shekara goma ko fiye a duniya. Mutumin da ya yi shekara talatin yana sakin duk abin da ya kama don ya girma, ya san ramin da wani ƙato yake kwana a bayan wani dutse, ƙila ma ya kama shi sau biyu ya gane shi da tabon baki, rana ɗaya ya zo ya tarar da shi ya juya ciki sama yana wari. Ka tambayi Bafulatanin da ciwon huhu ya shiga garkensa, ba lissafin kuɗin nama yake fara yi ba. Kuma irin waɗannan dattawan su ne suka fara buga waya suna kai rahoto, su ne suka yi ta ɗaukar hoton gyambo suna matsa wa hukuma lamba, ba don su ba da kifin ya mutu shiru kamar yadda yake mutuwa a wurare da yawa ba wanda ya ƙirga.

Wani abin dariya, shi bas ɗin ma baƙo ne kamarka a can. Ba asalin Potomac da Shenandoah ba ne, a tsakiyar ƙarni na 19 aka ɗauko kakanninsa a bokiti cikin jirgin ƙasa daga ɓangaren kogin Ohio.

Batun farfesu kuma, ka sassauta. Wata masana'antar DuPont a Waynesboro ta yi amfani da zaiba, wato makuri, daga 1929 zuwa 1950, ya malala cikin South River wanda ke zuba a reshen kudu na Shenandoah, har yau yana jikin kifin. Hukumar lafiya ta jihar ta ce kada a ci kifin wannan reshen fiye da sau biyu a wata, masu ciki da masu shayarwa da ƙananan yara kuwa su bar shi, ƙasa wajen Front Royal ma akwai wani gargaɗin daban. Ka duba allon da ke kafe a mashigar ruwa, kuma ka yanki lasisi kafin ka sake riƙe sanda, duk wanda ya kai shekara 16 sai da shi, ma'aikatansu ba su san "yi haƙuri oga" ba.

TAMBAYA: Malam ni ɗalibi ne a Zariya, muna da ɗan kududdufin kiwon karfasa ni da yayana. Sau biyu kenan muna tashi da asuba mu tarar kifi sun taso sama suna buɗe baki, wasu sun mutu, alhali da yamma lafiyarsu ƙalau. Yayana ya ce wani ne ke zuba mana abu. Haka ne?

AMSA: Ɗana kafin ku fara zargin maƙwabta ku duba launin ruwan. In ya yi kore shar kamar miyar kuka, to ɓarawon na cikin gida. Kifi iskar oksijin da ta narke a ruwa yake shaƙa, kuma 'yar kaɗan ce, ruwa mai sanyin digiri 20 bai riƙe fiye da wajen miligiram 9 a lita, in ya kai digiri 30 ya sauko wajen 7 da rabi. Kifi yana walwala daga 5 zuwa sama, in ta faɗo ƙasa da 2 sai mutuwa. Gansakukan nan da ta sa ruwan ya yi kore da rana iska take samarwa, amma da dare ita ma shaƙa take, ga ragowar abinci da kashin kifi suna ruɓewa a ƙasa su ma suna cin tasu, shi ya sa dab da fitowar alfijir iskar ta fi ƙaranci, shi ne lokacin da kuke ganinsu a sama. In aka yi kwana biyu ana hadari ba rana, ko ruwan farko ya wanko datti ya zuba, abin ya fi muni. Da tarwaɗa ce da ta jure, don ita tana iya shaƙar iskar sarari, karfasa ba ta da wannan gatan. Ku rage abinci, ku rage cunkoso, ku riƙa sauya wani ɓangare na ruwan, in da hali ku sa ɗan famfo yana watsa ruwa daga tsakar dare zuwa safe.

Kuma kar ka ga kamar ƙaramin abu ne na kududdufi, shi ne dai yake faruwa a manyan koguna. A Menindee da ke bakin kogin Darling a Ostireliya, ƙarshen 2018 zuwa Janairun 2019, fari ya tsayar da ruwa, gansakuka ta yi yawa, sanyi ya sauko kwatsam, iskar ruwa ta ƙare, kifi kusan miliyan ɗaya suka mutu. A Maris 2023 aka sake yi a wurin bayan ambaliya, wannan karon miliyoyi, kogin ya yi fari fat da gawa har ruwan ba a gani. Na kogin Oder tsakanin Folan da Jamus a Agustan 2022 shi kuma wata gansakuka ce mai guba da ke son ruwan gishiri, ta samu gishirin da masana'antu ke zubarwa ga zafi ga ƙarancin ruwa, aka kwashe ɗaruruwan tan na mataccen kifi. In kun gyara ruwan kuka ga an mutu da tsakar rana, babba da ƙarami har da kwaɗi, to sannan maganar yayanka ta shigo.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Wani lokaci yara kan kawo kifi mai arha cikin daro su ce a bakin ruwa suka tsince shi ya taso. Na ji malamai na cewa mushen kifi halal ne. To in saya? Daga wata uwa a Yawuri.

AMSA: Hajiya barka kadai, Allah ya raya zuri'a. Malamai sun yi gaskiya, a mazhabar Malikiyya da muke bi mushen ruwa halal ne, ba ya bukatar yanka, Hanafawa ne suka ƙi wanda ya mutu da kansa ya taso sama. Amma halaccin yanka daban, guba daban, su malaman za su faɗa miki abin da zai cutar da jiki ba a ci. Kifin da ya taso da yawa lokaci guda wani abu ne ya kashe shi kuma yaran ba su san mene ne ba. In ƙarancin iska ne, to tun dare ya mutu ya kwana cikin ruwa mai ɗumi yana ruɓewa. In kuma masu zuba gamalin ne, wannan maganin ƙwarin da wasu marasa tsoron Allah ke tsiyayawa a ruwa don su kwashi kifi a banza, to gubarsa tana maƙalewa a kitsen kifi, suya ba ta kashe ta, banda ma ba ta kashe ta, barkono da daddawa sai dai su ɓoye warin. Dokar kamun kifi ta cikin ƙasa ta 1992 ta haramta kama kifi da guba ko nakiya a Najeriya, sinadarin ma duniya ta sa shi a jerin haramtattu tun 2009, amma kin san halinmu. Ko a 2020 da matattun kifi suka cika gaɓar teku a Bayelsa da Ribas da Delta, gargaɗin da aka yi ta yi wa jama'a kenan, kar a kwasa a ci ko a kai kasuwa.

In za ki sayi ɗanye ki ɗaga marfin kunnensa, jan naman nan da ke ciki ya zama ja sosai ba ruwan ƙasa mai yauƙi ba, ido ya zama garau a cike, ki danna jikin da yatsa ya dawo. Na daron yaran nan kuwa ki ce su haƙa rami nesa da ruwa su binne, kar a ba kaji ko kyanwa, sannan a sanar da sarkin ruwa a wane wuri aka tsinto shi da kuma wace rana.